Tsohuwar Tarakta da Wuƙar Yankan Ciyawa: Yadda Ake Gano Matsala Kafin Ta Girma

Wannan bayani ne ga masu sauraro, musamman manoma da direbobin tarakta da makanikai da maƙera da masu walda na ƙasar Ƙaraye da Rogo, tun daga Kusalla da Yammedi da Turawa har zuwa Zarewa da Fulatan da Ruwan Bago. Shirin na yau ya shafi injin yankan ciyawa da ake ɗaura wa tsohuwar tarakta, wanda za a riƙa kira injin sassabe, da yadda ake gano abin da ke damun wuƙarsa idan ta daina yanka da kyau, ko ta kama jijjiga, ko ta tsaya cak alhali tarakta tana ta ruri. An kasa bayanin gida shida, kuma akwai ƙa'ida guda da za ta riƙa dawowa a kowane kashi. A wannan inji, wuƙa da ƙusar kariya, wadda aka yi ta domin ta karye idan wuƙa ta bugi abu mai tauri, su ne masu araha. Akwatin giya shi ne mai tsada. Ba a kashe mai tsada domin a ceci mai araha.

Kashi na farko, sanin injin da inda ƙarfinsa ke bi.

Da yawa daga cikin taraktocin da ke aiki a ƙasar Hausa sun girmi direbobinsu. Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera a birnin Coventry na Ingila tsakanin 1964 da 1975, tana da injin Perkins mai silinda uku da ƙarfin doki kimanin 45, kuma har yau ana cin karo da irinta tana aiki. Akwai Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, da Fiat da aka riƙa haɗawa a Kano, sai kuma Massey Ferguson 375 da ake shigowa da ita daga Pakistan. Irin waɗannan taraktoci sun bi hannuwa da yawa kafin su iso ga mai su na yanzu, littafin da kamfani ya haɗo su da shi ya daɗe da ɓacewa, kayan gyaransu kuma sai an tona, shi ya sa ɓarnar da za a gyara cikin yini guda a sabuwar tarakta takan kwantar da tsohuwa har damina ta wuce.

Ƙasar Ƙaraye da Rogo kuwa ba ta da sauƙi ga wuƙa. Yankin ya fi arewacin jihar Kano samun ruwan sama, musamman Rogo da ke iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, don haka gamba da kyasuwa da tofa suna yin kauri da tsawo. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, da ta Kusalla sun sa ana noma rani da damina, filin da aka bari kaɗan sai ya rufe da ciyawa. A ƙarƙashin wannan ciyawa ne kututture da suri da marmara da tsofaffin kunyoyi suke ɓoye, tare da igiyar buhu da leda da guntun tiyo na ban ruwa. Waɗannan su ne abokan gabar wuƙa na yau da kullum.

Ƙarfin inji yana fitowa ne ta wani guntun ƙarfe mai haƙora shida a bayan tarakta, wanda makanikai ke kira PTO. An ƙayyade masa juyi 540 a minti ɗaya, wato juyi 9 a daƙiƙa guda. Daga nan sai doguwar sanda mai gaɓa biyu, wato farfela, ta ɗauki juyin ta kai shi ga ƙusar kariya ko kulocin zamewa, sannan ya shiga akwatin giya, wanda yake karkatar da juyin zuwa ƙasa ya kuma ƙara masa sauri zuwa tsakanin 800 da 1000 a minti. A ƙasan akwatin akwai faifai ko faffaɗan ƙarfe mai ɗauke da wuƙaƙe biyu, kowacce rataye da ƙatuwar ƙusa guda, ta yadda idan ta bugi kututture za ta lanƙwashe baya maimakon ta karye. A injin da faɗinsa ya kai mita ɗaya da rabi, bakin wuƙa yana gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Masu sauraro su riƙe wannan jeri: PTO, farfela, ƙusar kariya, akwatin giya, wuƙa. Yawancin matsalolin da za su taso suna ɗaya daga cikin waɗannan wurare biyar.

Kashi na biyu, abin da ake yi kafin hannu ya taɓa inji.

Ba a binciken wuƙa tarakta tana kunne. Wannan magana ba ta da togiya. Direba zai tsaya a wuri mai shimfiɗa, ya cire PTO, ya sauke injin sassabe ƙasa, ya ja birki, ya kashe tarakta, ya zare makulli ya sa a aljihunsa, sannan ya jira har wuƙaƙe su tsaya gaba ɗaya, domin nauyinsu yana sa su ci gaba da juyawa bayan inji ya yi shiru. Sai a kafa wa tayoyi waigi. Idan aikin yana bukatar a ɗaga injin a leƙa ƙasansa, ba a dogara da hannuwan ɗagawa na tarakta, domin man da ke riƙe su a tsohuwar tarakta yakan sulale a hankali, wani lokaci kuma ya saki nan take. A tokare shi da katako mai kauri ko lafiyayyen kututture ta kowane gefe. Bulon siminti ba abin tokari ba ne, yana iya tarwatsewa ba tare da ya ba da alama ba.

Farfela tana da rigar roba da aka yi mata domin ta raba ƙarfe mai juyawa da jikin mutum, kuma a tsofaffin injuna wannan riga takan fashe a jefar da ita. Sandar da ke juyi 9 a daƙiƙa, idan ta kama hannun babbar riga ko bakin rawani ko mayafi, ta riga ta naɗe mutum kafin ya buɗe baki ya yi ihu. Saboda haka mai aiki kusa da ita zai sa tufafi masu kama jiki, kuma ba ya tsallake ta ko da sau ɗaya. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan injuna suna gargaɗin a nisantar da mutane da dabbobi kusan mita 100 idan ana yanka, domin wuƙa tana harba tsakuwa da guntun ƙarfe. Yaran da ke bin tarakta kallo, da masu kiwon da ke jiran ciyawa ta faɗi su kwasa, su ne suka fi shiga wannan haɗari.

Akwai wata illa da ta keɓanta da taraktoci mafi tsufa, irin su Ferguson TE20, waɗanda PTO ɗinsu ke haɗe da giyar tafiya. Idan direba ya taka kuloci, nauyin wuƙaƙen da ke juyawa yakan ci gaba da tura tarakta gaba, ta yadda zai so tsayawa a bakin rami ko gaban katanga amma ta ƙi. Maganin wannan shi ne wani ɗan mahaɗi da ake sa wa PTO, wanda ke barin juyi ya tafi daga tarakta zuwa wuƙa amma ya hana shi dawowa. Mai irin wannan tarakta bai kamata ya ɗaura injin sassabe ba sai da shi.

Kashi na uku, karanta yankan da wuƙa ta yi.

Ciyawar da aka yanka ita ce shaida ta farko, kuma duba ta ba ya cin ko sisi. Idan bakin ciyawa ya tattauye, ko ta kwanta a ƙasa maimakon ta gutsure, abin da ake fara zargi shi ne dakushewar wuƙa, amma sau da yawa laifin yana wurin totur. Tsadar man gas takan sa direba ya rage wuta domin ya yi tanadi, sai PTO ya kasa kai juyi 540, wuƙa ta koma dukan ciyawa maimakon yanka ta, a ƙarshe a maimaita layin sau biyu a sha man da ake gudu. Ƙa'idar ita ce a ɗaga wuta zuwa alamar 540 da ke jikin agogon juyin inji, a rage gudun tafiya da ƙaramar giya. Wuta sama, giya ƙasa. Idan an yi haka yankan bai gyaru ba, to lokacin duba kaifi ya yi.

Idan ana ganin siririn layin ciyawa a tsaye bayan tarakta ta wuce, ko dai bakin wuƙaƙe ya cinye sun gajarce, ko kuma tayar tarakta ce ta danne ciyawar ta kwanta, wuƙa ta wuce ta kanta, daga baya ta miƙe. Ana bambance su da duba inda layin yake: idan ya yi daidai da sawun taya, rage gudu zai magance shi. Idan gefe ɗaya na yankan ya fi ɗaya tsawo, a fara da auna iskar tayoyin baya, sannan a duba ko hannuwan ɗagawa biyu sun yi daidai, domin ɗayansu yana da abin murɗawa da aka yi shi musamman don wannan gyara. Sai waɗannan biyun sun fita daga zargi ake tunanin wuƙa ta lanƙwashe.

Idan kuwa injin yana tayar da ƙura yana aske ƙasa, an sauke shi da yawa ne, kuma babu abin da ke cin wuƙa kamar yashi. A gonar da ke da tsofaffin kunyoyi dole a ɗaga yankan sama da kan kunya. Daidaitaccen zama shi ne gaban injin ya ɗan fi bayansa kusa da ƙasa, da kimanin santimita biyu, domin a yanki ciyawa sau ɗaya a gaba ta fice ta baya. Idan bayan ne ya fi sauka, ana yanka ciyawa sau biyu, tarakta tana wahala, mai yana ƙonewa a banza. Akwai kuma kuskuren da ke faruwa bayan an kwance wuƙa an mayar, wato a kifa ta, sai gadon bayanta ya riƙa gaba kaifin yana bi. A juya faifan da hannu zuwa inda yake juyawa idan yana aiki, a tabbata kaifi ne ke kan gaba.

Kashi na huɗu, jijjiga.

Kowa ya san fankar sama da aka lanƙwashe mata reshe ɗaya, yadda take rawa tana neman tumɓuke ƙugiyarta daga rufi. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin injin sassabe ke nan idan wuƙa ɗaya ta fi ɗaya nauyi, sai dai ƙarfin ya ninka ƙwarai. Lissafi ya nuna cewa bambancin giram 100 kacal a bakin wuƙa, a nisan santimita 70 daga tsakiya, idan ana juyi 800 a minti, yana fizgar akwatin giya da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 50, kuma wannan fizga tana zagaya akwatin sau 13 a kowace daƙiƙa. Boris da ke ciki, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sanda ke juyawa a kansa, ba zai daɗe yana jure wannan ba. Daga boris sai robar da ke tare mai ta saki, mai ya tsiyaye, haƙoran giya su bushe su cinye juna. Saboda haka jijjiga ba halin tsohon inji ba ne da za a ce a saba da shi. Injin da ya fara jijjiga a tsayar da shi nan take.

Binciken jijjiga yana farawa daga mai sauƙi. Da farko a duba ko waya ko igiya ko leda ta naɗe sandar da ke ƙasan akwatin giya, a kankare busasshen laka da ciyawar da suka manne. Na biyu, a kama kowace wuƙa a kaɗa ta, domin ya kamata ta yi lilo a kan ƙusarta ba tare da cijewa ba. Wadda tsatsa ta riƙe a naɗe ba za ta miƙe ba idan an fara juyi, kuma wannan kaɗai ya isa ya girgiza tarakta. Na uku, a dubi wuƙaƙen biyu gefe da gefe ko ɗaya ta gutsure, ko kuma asali ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Gwajin lanƙwasa yana da sauƙi, kuma ƙwararren makaniki yakan yi shi da guntun kara. Bayan ya tokare injin a kan daɓe mai shimfiɗa, sai ya miƙar da wuƙa ɗaya, ya tsayar da karan a ƙasa daidai bakinta, ya yi masa alama da farce a inda kaifi ya taɓa. Ba zai motsa karan ba. Sai ya juya faifan da hannu har wuƙa ta biyu ta zo daidai wurin, ya dubi ko ita ma ta sauka a kan alamar. Idan tazarar ta fito fili, ɗaya ta lanƙwashe, ko kuma faifan da ke ɗauke da su ya karkace. Daga nan zai kama faifan da hannu biyu ya girgiza shi sama da ƙasa, hagu da dama. Idan ya ji ƙwas-ƙwas, ko dai babban notin da ke riƙe faifan ya saki, ko boris na akwatin giya ya tafi.

Idan ƙasan injin ya fita lafiya, sai a hau sama. A ɗaure notocin da ke riƙe akwatin giya a jikin farantin injin, a duba ko farantin ya tsage a kewayensu. A murɗa farfela da hannu a ji ko gaɓoɓinta suna da wasa, a ba su giris. Farfela gida biyu ce, ɗaya tana shiga cikin ɗaya, kuma idan an zare su aka mayar ba bisa yadda suke ba, har kunnuwan gaɓar gaba suka saɓa da na baya, za ta yi ta fizga ko da komai nata sabo ne.

Kashi na biyar, idan tarakta tana ruri amma wuƙa ta tsaya.

A mafi yawan lokuta wannan ba mummunan labari ba ne. Ƙusar kariya ce ta karye, kuma aikinta ke nan. An yi ta ne da gangan ta zama mafi rauni a duk jerin, domin idan wuƙa ta bugi kututture ko dutse ita ta tsinke, akwatin giya da PTO su tsira. Babban kuskuren da ake yi shi ne direba ya gaji da sauya ta, ya samo ƙusar mota mai tauri, irin mai lamba 10.9 a kanta, ko ya yanko guntun rodi ya cusa. Daga ranar ba za ta ƙara karyewa ba, amma bugun da ta ƙi ɗauka zai wuce ya sauka a kan haƙoran giya, ko ya shiga cikin tarakta kanta. A mayar da ƙusa mai kauri da taurin da kamfani ya sa, wadda a yawancin ƙananan injunan sassabe mai laushi ce, kuma direba ya riƙa tafiya gona da guda uku ko huɗu a akwatin sufanu. Idan tana yawan karyewa, akwai dalili: ko ana saka PTO wuta tana sama maimakon a saka a hankali sannan a ɗaga, ko ramin ƙusar ya buɗe tana wasa a ciki, ko wuƙa tana dukan ƙasa.

Wasu injuna kulocin zamewa gare su a madadin ƙusa, wato faya-fayai da ke manne da juna da sifirin ke matsewa, waɗanda ke zamewa idan bugu ya yi yawa. Injin da aka ajiye a fili ruwa ya dake shi, faya-fayan nan sukan yi tsatsa su haɗe su zama ƙarfe guda, kariya ta tafi ba wanda ya sani. Kafin a fara aikin shekara, a auna tsawon sifirin ɗin a rubuta, a sassauta notocinsu, a kunna PTO na 'yan daƙiƙu har faya-fayan su zame, sannan a kashe tarakta a mayar da notocin yadda suke. Idan kuma kulocin yana hayaƙi yana wari a cikin aiki, ya yi sako-sako ne ko faya-fayansa sun cinye.

Shi akwatin giya abinci ɗaya gare shi, man giya mai lamba 90 ko wanda kamfani ya ambata, kuma akwai ƙusa a gefensa da ke nuna iyakar da mai zai kai. Man da ya koma fari-fari ruwa ya shige shi, a zubar a sa sabo. Man da ake ganin ƙyallin garin ƙarfe a cikinsa yana nuna haƙora ko boris sun fara ci. Danshin mai a kan faifan wuƙa yana nuna robar ƙasa ta yanke, kuma yawanci igiya ko waya ce ta yanke ta. A kula da tsawon farfela idan an sauya tarakta, domin wadda ta yi tsawo, idan aka ɗaga injin, takan tokare PTO ta fasa bayan tarakta, wadda ta gajarta kuma takan zare tana cikin juyi.

Akwai kuma ƙananan taraktoci na yankan ciyawar harabar makarantu da filayen ƙwallo da gidajen gwamnati, waɗanda wuƙaƙensu ke ƙarƙashin ciki kuma bel ke juya su. A irin waɗannan, idan wuƙa ta rage gudu a ciyawa mai kauri ana jin ƙara da warin roba, bel ne ya saki ko ya yi santsi, ko sifirin da ke ɗame shi ya gaji. Idan bel yana yawan faɗuwa ko tsinkewa, a duba faya-fayan da yake hawa ko ɗaya ya karkace, ko guntun itace ya maƙale a ramin. A cire bel, a juya kowace wuƙa da hannu: wadda ta yi gurnani ko ta yi wasa, boris ɗinta ya mutu, kuma sabon bel ba zai yi kwana a kansa ba.

Kashi na shida, wasa wuƙa da sauya ta.

Wuƙar injin sassabe da gudu take yanka, don haka ba a wasa ta har ta yi kaifin aska. Bakin da ya yi siriri da yawa yana gutsurewa a bugun farko. A bi gangaren da kamfani ya yi mata, da magagari ko da injin wasa, a bar wa bakin kaurin kimanin milimita ɗaya da rabi. Mai wasa da inji ya riƙa ɗagawa yana barin ƙarfen ya huce, domin wurin da ya yi shuɗi ya ƙone, taurinsa ya tafi. Abin da aka ci a wuƙa ɗaya a ci daidai shi a ɗayar, sannan a ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya a ga nauyinsu ya zo daidai. Wuƙar ƙaramar tarakta, wadda take doguwa guda mai rami a tsakiya, ana rataye ta ne a ƙusar da aka kafa a bango: gefen da ya rinjaya ƙasa shi ya fi nauyi, shi za a ƙara ci.

Abubuwa uku ne ba a yi wa wannan wuƙa. Ba a yi mata walda idan ta tsage. Ba a gasa ta a wuta a miƙar idan ta lanƙwashe. Ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. Dalili shi ne an dafa ƙarfenta a kamfani da ma'aunin zafi na musamman domin ya yi tauri ba tare da ya yi gautsi ba, kuma wutar walda ko ta maƙera tana rushe wannan dahuwa a daidai inda ta taɓa. Maƙeran ƙasar Hausa sun ƙware wajen fitar da gatari da adda da garma daga tsohon sifirin ɗin mota, kuma babu mai musun wannan gwaninta, amma adda tana tafiya ne da ƙarfin dantse, wuƙar inji kuwa da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Tsohon sifirin yana iya ɗauke da tsagar da ido ba ya gani, ramin da aka huda da wutar walda kuma nan ne ƙarfe yake fara tsagewa. Wuƙar da ta ɓalle a wannan gudu tana iya huda farantin inji ta fita. Araha ba ta ado.

Mai zuwa sayen sabuwa, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko a wurin dillalan kayan tarakta, ya tafi da tsohuwar a hannu, ya gwada tsawo da kauri da faɗin rami da gefen da kaifi yake, domin akwai injin da ke juyawa dama akwai mai juyawa hagu. Ya sayi biyu tare, da sababbin ƙusoshinsu da notocinsu, domin ƙusar da ta sha bugu shekara da shekaru ta gaji kamar yadda wuƙar ta gaji. Bayan awoyin farko na aiki a sake ɗaure notocin. Wanda ke neman ƙarin haske yana iya tuntuɓar malaman gona na hukumar KNARDA, ko sashen injunan noma na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya.

Nauyin kiyaye wuƙa ba a kan direba kaɗai yake ba. Mai gona ya fi kowa sanin inda kututture da suri da tsohuwar rijiyar ban ruwa suke a gonarsa, don haka haƙƙinsa ne ya zagaya kafin tarakta ta iso, ya kwashe waya da igiya da duwatsu, ya kafa sanda mai ƙyalle a kan abin da ba ya ɗaukuwa. Mai tarakta kuma, idan yana cire kuɗin kowace ƙusar kariya daga ladan direba, shi da kansa yake koya wa direban cusa rodi da ɓoye jijjiga. Gara ya saya masa ƙusoshin da yawa, ya kuma nuna masa cewa tsayawa a duba inji ba lalaci ba ne.

Ga taƙaitawa ga wanda ya kama shirin a tsakiya. A kashe tarakta a zare makulli kafin a taɓa komai. A fara karanta ciyawa kafin a ɗauki sufana. Wuta sama, giya ƙasa. Inji ya yi jijjiga, a tsaya. Ƙusar kariya ta karye, a mayar da irinta. Wuƙa ta tsage ko ta lanƙwashe, a sauya biyun tare. Ba a kashe mai tsada domin a ceci mai araha.

Kira ga masu taraktoci da direbobi da makanikai na Ƙaraye da Rogo shi ne kada a jira sai ciyawa ta rufe gona kafin a tuna da injin sassabe. A jawo shi inuwa tun da rani, a duba wuƙa da ƙusa da mai da rigar farfela, a kuma koya wa yaran da ke koyon tuƙi wannan jeri tun kafin a ba su makulli. Allah ya tsare hannu da ƙafa, ya ba da damina mai albarka.